Yadda Ake Gane Tsohon Takobin Malay da na Filifin Kafin a Biya Kuɗi

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa gare ni, daga ɗalibanmu da ke karatu a Malesiya, da 'yan kasuwar da ke zuwa Jakarta, da masu bin gwanjon intanet: "Ga hoton wani keris an ce ya shekara ɗari uku, in saya?" Keris wata wuƙar gargajiya ce ta Malesiya da Indonesiya. Hoto ɗaya ba ya isa a ba da amsa, kuma shekarun da mai sayarwa ya faɗa ba hujja ba ne. Abin da zan iya yi shi ne in shimfiɗa tsarin da nake bi duk lokacin da aka miƙo mini takobi. Tsarin yana farawa daga ƙarfe, ya bi ta mariƙi da kube, labari kuwa shi ne na ƙarshe. Mafi yawan waɗanda aka cuta, daga labari suka fara.

1. Tanadi kayan dubawa

Ba su da yawa kuma ba su da tsada. Ƙaramar tocila mai haske sosai, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo wanda ke ninka abu sau 10, tef ɗin tela, farin ƙyalle mai laushi, da ɗan littafin rubutu. In kana da hali ka ƙara tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita, za ta yi maka amfani wajen hauren giwa. Duk ka haɗa su ba su kai kuɗin jabun keris ɗaya ba.

Gargaɗi: kada ka zare keris ɗin mutum ba tare da ka nemi izini ba, kada kuma ka nuna wani da tsininsa. A wurin Malay da mutanen tsibirin Jawa na Indonesiya wannan rashin ladabi ne babba, kuma dattijon da ka ɓata wa rai a minti na farko ba zai fito maka da kayan kirkin da ke cikin akwati ba.

2. Fara sanin ko mene ne a hannunka

Keris na Jawa, Sumatra, Malesiya da ƙabilar Bugis ta Indonesiya wuƙa ce ta suka, ta hannu ɗaya. Ruwanta siriri ne, tsawonsa wajen santimita 35, na Bali kan ɗara haka. Gindin ruwan yana buɗewa gefe ɗaya, ba ya daidaita hagu da dama. Wasu miƙaƙƙu ne, wasu masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Lanƙwasar sunanta luk, kuma adadinta mara ne kullum: 3, 5, 7, 9, 11, 13. Kada ka ɗauka mai lanƙwasa ya fi miƙaƙƙe daraja, tsofaffi da yawa miƙaƙƙu ne.

Kris na Musulmin kudancin Filifin, waɗanda Sifaniyawa suka laƙaba wa suna Moro, takobin sara ne sosai. A tsibiran Sulu ana ce masa kalis, a Mindanao kuma sundang. Ruwansa faffaɗa ne mai nauyi, yakan kai santimita 50 zuwa 60 ko fiye, kuma akwai wani maƙalin ƙarfe ɗaya ko biyu da ke ɗaure ruwan da mariƙi, ana kiransa asang-asang ko baka-baka.

Barong, takobin ƙabilar Tausug da maƙwabtansu a Sulu, yana da ruwa mai siffar ganye, ciki faffaɗa, baya mai kauri, kaifi gefe ɗaya. Kampilan kuwa dogo ne, yakan kusa mita guda, siriri a gindi yana faɗaɗa zuwa tsini, mariƙinsa ya rabu biyu kamar buɗaɗɗen bakin kada, wani lokaci da tuntun gashi. An fi saninsa a wurin ƙabilun Maguindanao, Maranao da Iranun. Bayan waɗannan akwai wasu makaman kamar badik na Bugis, rencong na Aceh, gunong, panabas, da addunan tsakiyar Filifin irin su talibong.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya zaɓi iri ɗaya ya tsaya a kai shekara guda. Wanda ya ce zai san duka lokaci ɗaya, dillalai ne za su ci kuɗinsa.

3. Je ka ga na gaskiya da idonka

Gani ya kori ji. In kana Kuala Lumpur, akwai Muzium Negara da gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da Masallacin Ƙasa. A birnin Solo na Jawa akwai gidan tarihi na keris kaɗai, wanda aka buɗe a 2017. A Manila akwai gidan tarihin ƙasa. Ka tsaya gaban gilashi ka kalli abu ɗaya na minti goma: yadda sassaƙar gindi take da zurfi, yadda lanƙwasa take gudana ba tare da kusurwa ba, launin itacen da hannu ya daɗe yana riƙewa. Ido ne kake horarwa. Wanda ya ga nagari hamsin, jabu na farko da ya gani zai ji wani abu bai zauna masa ba tun kafin ya san ko mene ne.

4. Duba ruwan takobin

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Ka riƙe ruwan a kwance, ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba. Hasken gefe shi ke fito da duk wani tudu da kwari. Tsohon aiki da guduma da magagari da dutsen wasa aka gama shi, saboda haka fuskarsa tana da ɗan rashin daidaito mai laushi. Injin gurza ƙarfe kuwa yana barin layuka sirara masu bin juna, musamman cikin kwarmi da lungunan sassaƙa inda hannu bai kai ya goge ba. In ka ga waɗannan layukan a lungu, to ko dai sabo ne, ko kuma wani ya yi wa tsoho aika-aika.

Sai pamor, wato zanen fari da baƙi da ke jikin keris. Ba fenti ba ne. Maƙerin keris, wanda ake kira empu, yana haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfe mai sinadarin nikel, ya ninke, ya buga, ya sake ninkewa, sannan ya sa ƙarfe mai tauri a tsakiya domin kaifi. Zanen ke nan ya ratsa cikin ƙarfen kamar yadda jijiya ke ratsa nama. Don haka ka bi layi ɗaya da gilashinka: na gaskiya zai gangara cikin kwarmi ya fito ta ɗaya gefen, za ka kuma ga shimfiɗar ƙarfen a kan ganja, wato ƙarfen da ke gicciye a gindi. Na jabu, wanda aka zana da kaki aka tsoma a asid, a fuska kawai yake, kamar lallen da aka sa wa hannu. Gefen layinsa kaifi ne, kuma yana yankewa inda mai zanen ya gaji.

Ganja ɗin kansa shaida ne. A yawancin keris, ƙarfe ne dabam da aka ƙera aka zura. A kris na Moro masu tara kaya suna da ƙa'idar da suke bi: wanda aka ƙera kafin wajajen 1930 ganjarsa dabam take, bayan nan kuma da yawa layi kawai ake tsagawa don ya yi kama da haɗi. Ka sa gilashi a kan layin, ka bi shi har gefe. Haɗin gaskiya yana zagayawa ko'ina kuma datti ya shige cikinsa. Ƙa'ida ce ta kusantar da kai, ba hukunci ba, domin akwai keris na Jawa tsofaffi da aka ƙera da ganja haɗe tun asali, akwai kuma maƙeran yau da suka iya yin ta dabam.

Gargaɗi: cin tsatsa ba tsufa ba ne. Masu jabu kan jiƙa sabon ƙarfe a asid ko su binne shi da gishiri har ya yi ramuka. Bambancin shi ne tsufa na gaskiya ba ya cin ko'ina daidai. Kaifi da tsini da ƙananan haƙoran sassaƙa su ne suke fara lalacewa, wuraren da ke ɓoye kuma su tsira. In ka ga ramuka iri ɗaya daga gindi har tsini kamar fatar lemo, amma haƙoran gindi na nan tsaf da kaifinsu, ajiye shi.

Ni ma an taɓa cin kuɗina a nan. A shekarata ta farko na sayi wani keris a wani shago da aka rantse mini na zamanin Majapahit ne, daular Jawa da ta shuɗe shekara ɗari biyar da suka wuce. Na kai wa wani dattijon Malay mai sassaƙa kube, ina kiransa Pak Cik, kamar mu ce kawu. Ya karɓa da hannu biyu, ya murɗa mariƙin a hankali ya cire, ya warware ƙyallen da aka naɗe, sai ga wutsiyar ƙarfen fes, da sawun inji a jiki. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen kirki ne, aikin kuma ba laifi. Amma maƙerinsa yana raye." Daga nan na koyi duba wutsiya. Sunanta pesi, kuma a keris na Jawa da Malay zare ko ƙyalle ne kawai ke riƙe mariƙi a kanta, don haka ana iya cirewa da izinin mai kaya. Tsohuwar pesi baƙa ce, ta rame, tsatsarta ta zauna.

Gargaɗi: kada ka gwada haka a kris na Moro, barong ko kampilan. Da ƙaron itace aka kafe su. Murɗawa za ta fasa mariƙin.

Sabon keris ba abin kunya ba ne. A ƙauyen Aeng Tong-Tong da ke Sumenep a tsibirin Madura ana ƙera su har gobe, wasu ma aikinsu ya fi na tsofaffi da yawa kyau, kuma tun da UNESCO ta karrama keris na Indonesiya a 2005 sana'ar ta ƙara farfaɗowa. Haka garin Tugaya a Lanao del Sur ya daɗe yana ƙera takubba da kayan tagulla na sayarwa. Laifin shi ne a sayar maka da sabo da kuɗin tsoho.

5. Mariƙi

Mariƙi ne ke gaya maka inda aka yi wa takobin sutura. Jawa demam, mai siffar mutum ya duƙa ya rungume ƙirjinsa kamar mai zazzaɓi, na Malay da Sumatra ne. Tajong mai dogon hanci kamar bakin tsuntsu na Pattani ne a kudancin Tailan da jihar Kelantan ta Malesiya. Na Solo da Yogyakarta sumul suke, da 'yar sassaƙa biyu a ciki. Na Bali sukan zo da siffar gumakan Hindu da duwatsu. A kris na Moro da barong kuma kan mariƙin yakan ɗauki siffar tsuntsun kakatua, wani irin aku mai tukku.

Ka duba inda tafin hannu ke zama. Itacen da aka riƙe shekara da shekaru yana yin santsi da duhu a wurin, lungunan sassaƙa kuma su tara datti mai tauri. In launin ɗaya ne ko'ina kuma yana fita a farin ƙyallenka, man takalmi ne.

Kayan da aka yi aikin da su ma suna magana. Azurfa, tagulla, ƙahon ɓauna, saƙar igiya da aka shafe da baƙin ƙaro, da suasa, wato gaurayen zinariya da jan ƙarfe, duk na dā ne. Alminiyam kuwa ya yawaita a takubban Filifin ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tarkacen jiragen sama suka wadata, kamar yadda sifirin ɗin mota ya zama ƙarfen ƙera ruwa. Irin waɗannan suna da nasu masoya, amma kuɗinsu dabam.

In an ce hauren giwa ne, duba inda aka yanke a gicciye: za ka ga layuka suna sarƙewa kamar saƙar raga. Ƙashi yana da ɗige-ɗige baƙaƙe, roba kuma tana da layin haɗi ko ƙananan kumfa, kuma yawanci ba ta yin farin haske a ƙarƙashin shuɗiyar tocila. Kada ka yarda da gwajin allura mai zafi, tabo yake bari.

Gargaɗi: sabon shiga ya bar haure gaba ɗaya. Yarjejeniyar duniya ta kare namun daji, wato CITES, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takardu masu wuyar samu, Najeriya da Nijar duk suna cikinta, Birtaniya kuma ta ƙara tsaurara dokarta tun 2022. Ana iya ƙwace takobin duka saboda ɗan guntun haure.

6. Kube, da tambayar ko tare aka haife su

Ka mayar da ruwan cikin kube a hankali. A keris, kowane kube don ruwa ɗaya aka sassaƙa shi, kuma ganja tana zama daidai da bakinsa kamar murfi a kan tukunyarsa. In tana rawa, ko akwai giɓi, ko an cusa guntun itace da gam don a cike, to kuben aro ne.

A nan sai an yi adalci. Malay da mutanen Jawa sun saba sauya wa keris sutura idan ta tsufa, kamar yadda ake sauya wa takobin hawan sallah kube a wurin dukawa. Ruwa mai shekara 200 a cikin kube mai shekara 40 ba matsala ba ne muddin suturar ta dace da shi. Abin gudu shi ne haɗin gambizar dillali: ruwan Jawa, mariƙin Bali, kuben Bugis. Ka lura da itacen kemuning mai walƙiya kamar ruwan zuma, wanda a Filifin ake ce wa banati. Samunsa alama ce mai kyau. Kuben da aka cika shi da ƙyalƙyalin bawon kifi ko tagulla mai zane-zane kuwa sau da yawa don baƙi masu yawon buɗe ido aka yi shi.

7. Yanzu ka saurari labari

Labarin da ke da takarda shi ke ƙara kuɗi. Takubban Moro da yawa da ke yawo a kasuwar duniya sojojin Amurka ne suka kwashe su tsakanin 1899 da 1913, musamman bayan yaƙin Bud Dajo na 1906, da umarnin karɓe makamai na Janar Pershing a 1911, da yaƙin Bud Bagsak na 1913. Shi ya sa tsohon barong ya fi sauƙin samu a gwanjon Amurka ko Sifaniya fiye da kasuwar Manila, keris kuma a Holan. In akwai tsohuwar takarda manne a kube, ko wasiƙar iyali, ko lambar wani tsohon tari, kada ka ɓare ta ko da ta yi datti. Ina kuma so duk wanda ya riƙe irin wannan takobin ya tuna cewa wasunsu daga hannun Musulmin da aka kashe a kan dutsen Bud Dajo aka ɗauke su, da mata da yara a cikinsu. Ba kayan wasa ba ne.

Kalmar tangguh da za ka ji a bakin masu keris, kamar tangguh Majapahit ko tangguh Mataram (wata daular Jawa ce ita ma), kimantawa ce ta salon aiki, ba takardar haihuwa ba. Haka in aka ce maka da ƙarfen da ya faɗo daga sama aka ƙera keris. Gaskiya ne wani dutse ya faɗo kusa da Prambanan a Jawa a ƙarni na 18, yana ajiye a fadar Surakarta, wato Solo, kuma an yi pamor da shi, amma ba kowane keris na kasuwa ya samu rabo ba, kuma ido ba ya tabbatar da shi.

In ka ga rubutun Larabci ko Jawi, wato ajamin Malay, karanta shi. Nan mu muke da fifiko a kan Turawa masu saye. Sau da yawa za ka tarar haruffa ne barkatai da aka zana daga baya. Wanda kuma ya ce maka keris ɗinsa yana da aljani mai kawo arziki, ka ce masa ƙarfe ka zo saye.

8. Lissafin kuɗi da fito da kaya

Na 'yan yawon buɗe ido 'yan gomomin daloli ne. Tsohon kris na Moro ko barong mai lafiya yakan kai ɗaruruwa, na sarauta mai azurfa da zinariya kuma dubbai. In aka yi maka tayin na sarauta da kuɗin na kasuwa, ka tuna araha ba ta ado.

A gwanjo, farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Akwai la'adar gidan gwanjo, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ga kuɗin ɗauri da aikawa, ga inshora, ga kwastam. Ka haɗa duka a takarda kafin ka ɗaga hannu. In daga nesa kake saye, nemi hoton fuska biyu na ruwan, gindi kusa-kusa, tsini, bakin kube da takobin a ciki, da awo. Wanda ya ƙi turo hoton gindi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Gargaɗi: ƙasashen nan uku duk suna da dokar kayan tarihi, Malesiya ta 2005, Filifin ta 2009, Indonesiya ta 2010, kuma fitar da tsohon abu na iya buƙatar izini. Ka tambaya kafin ka biya. Ka kuma tambayi kwastam na ƙasarku da kamfanin jirgi ko na aika kaya, domin makami ne a idon doka, kuma ba ya shiga jakar hannu. Rasit mai bayanin abin da ka saya ya kasance tare da kai.

9. Idan ya iso gida

Makon farko kada ka yi masa komai sai hoto da awo. Ka rubuta inda ka saya, ranar, kuɗin, da abin da aka gaya maka.

Sanfefa, injin wasa wuƙa da man goge tagulla, duk ka nisanta su. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: minti biyar na gurza yana share abin da shekara ɗari ta gina, ya kuma zubar da rabin kuɗin takobin. Jar tsatsa mai rai ita kaɗai ce abokiyar gaba. Ka ɗiga mata man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, ka kankare da tsinken itace, ka goge. Baƙin launin da ya zauna kuwa ka bar shi.

A Jawa ana wanke keris a watan Suro, wato Muharram, da ruwan kwakwa da lemun tsami, sannan a fito da pamor da wani haɗi mai suna warangan. Warangan guba ce, sinadarin arsenik ne a cikinta. Ka bar wa masu sana'ar.

Yanayinmu ma sai an yi shiri da shi. Waɗannan itatuwa a ƙasar damshi suka girma, hunturunmu kuma ba ya tausaya musu. Wata safiya a Janairu na tarar da saman kuben wani keris na Bugis ya tsage tsawon ɗan yatsa, don kawai na rataye shi kusa da taga. Tun daga nan, da iska ta juya sai in shafa wa itace ɗan kakin zuma, in naɗe kowane takobi a ƙyallen auduga, in sa a akwatin katako a ɗakin da rana ba ta bugu. Da damina kuma tsatsa ce abin tsoro: duk wata ka zare, ka goge, ka shafa mai kaɗan wanda ba zai jiƙa cikin kube ba, kuma duk inda yatsa ya taɓa ƙarfe ka goge nan take. In ka ga garin itace a ƙarƙashin kube, ƙwaro ya shiga, ka ware shi daga sauran a ranar. Akwatin ya kasance da kwaɗo, makullin kuma inda yara ba za su kai ba, domin tsohon barong har yanzu yana iya raba ƙashi.